Juyi Dubu Shida a Minti Guda

Shekara ashirin da bakwai ya yi a masana'antar kwalabe, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa kunna inji ba, bai taɓa kashewa ba. Aikinsa riƙe makullin sito. In an zo neman ƙusa ya miƙo ƙusa, in an zo neman bel ya miƙo bel. Sai dai da yake bango ɗaya ne tsakanin sitonsa da ɗakin injuna, ya ɗauka duk abin da masu aikin ciki suka sani ya ratso bangon ya shige shi. Ranar da aka rufe masana'antar kowa ya fito da takardar godiya, shi kuwa ya fito da suna: Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, mutane suka karɓa don ba su ga amfanin musu ba.

Tun daga lokacin ba shi da wurin zuwa da safe sai shagon ƙanwarsa, wadda duk dangi ke kira Auta ko da yake ta fara furfura. Tela ce. Shagonta na tsakiya ne cikin shaguna uku a jere, mai aski a dama, tsoho mai gyaran agogo a hagu. Injiniya yana da kujerarsa a bakin ƙofa, daga nan yake ba masu wucewa shawarar da ba su nema ba.

Abin da ke ciyar da shagon injin surfani ne, wanda wata tsohuwar kwamfuta ke ba umarni daga ƙarƙashin tebur. Injin yana da aibi ɗaya. Abin da ya kamata ya tsayar da shi in zaren ƙasa, mai kama ɗinki ta ƙarƙashin yadi, ya ƙare ya lalace tun tuni, saboda haka Auta da kunne take aiki. Takan juya masa baya tana yanka ko guga, da zarar muryar allura ta canza daga ƙas-ƙas zuwa fas-fas sai ta miƙa hannu ta tsayar da shi ko waiwaye ba ta yi ba. Shekara tara bai taɓa shammatarta ba.

A makon da muke magana a kai, wata makaranta ta ba ta aikin bajo ɗari biyu da arba'in, irin tambarin da ake liƙawa a aljihun rigar ɗalibai. Makarantar ce ta kawo yadin, kore shar, ƙyalle ashirin da ɗaya: ashirin na aiki, ɗaya na ko-ta-kwana. Kowane ƙyalle yana ɗaukar bajo goma sha biyu, yana cin minti hamsin. Shugabar makarantar ta ce ranar Juma'a da ƙarfe huɗu za ta zo ɗauka, in ba a gama ba akwai wani tela a layin baya da ya daɗe yana yi mata murmushi.

Ranar Litinin da hantsi, an gama ƙyalle shida, fankar da ke cikin kwamfutar ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Bayan minti arba'in da ɗaya kwamfutar ta ɗauki zafi ta mutu, allura ta tsaya a tsakiyar harafi. Mai agogo ne ya ba da lissafin mintin, don shi mutum ne da ba ya iya ganin abu ya faru bai duba lokaci ba. Sai da Auta ta ɓata awa guda kafin ta lallaɓa ta gano inda ɗinkin ya tsaya.

Ta miƙa wa yayanta kuɗi. "Yaya, don Allah ka je wurin matar nan mai gyaran kwamfuta. Abin da ta ba ka shi za ka kawo."

"Abin da ta ba ni," in ji shi, ya miƙe yana gyara wuyan riga. "Ni da na miƙa wa mutane fankar da ta fi ƙofar nan tsayi."

"Ka miƙa, Yaya. Shi ya sa na ce ka je ka karɓo ka miƙo."

Shagon mai gyaran yana titi na biyu. Mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta saurari bayani, ta ɗauko fanka ɗaya mai faɗin tafin hannu biyu ta ajiye a kan tebur.

"Wannan ce daidai da ku, Baba."

"Injiniya ake ce mini. Gudunta nawa?"

"Juyi dubu ɗaya da ɗari biyu a minti. Fuka-fukanta manya ne, ba ta buƙatar gaggawa. Ko kunne ka kara da ƙyar za ka ji ta."

"To in ban ji ta ba, ta yaya zan san tana aiki?"

"Kwamfutar ba za ta mutu ba."

Ya tambayi kuɗinta, ta faɗa, ya ga daidai yake da abin da ke aljihunsa, ko na ruwan sha ba zai rage ba. Idonsa ya kai kan wani kwali a lungu, cike da ƙananan fankoki baƙaƙe masu kauri. Ya ɗauko ɗaya ya karanta bayanta, ya yi murmushi irin na ranar da aka fara ba shi makullin sito.

"Dubu shida," ya ce. "Kin ɓoye dubu shida a lungu kina nuna mini dubu ɗaya."

"Waɗannan daga manyan na'urorin wani kamfani aka ciro su. A ɗakin da suke aiki ba a zama, sai an toshe kunne ake shiga. Shi ya sa suke da araha, ba mai so." Ta cire tabarau ta goge. "Baba, abu uku ake nema a fanka: ta tura iska, ta yi shiru, ta yi araha. Biyu ake samu. Na ukun sai dai ka haƙura da shi."

"Wannan maganar masu sayarwa ce. Da kuɗin waccan ragguwar, nawa zan samu a nan?"

"Huɗu."

"Dubu ashirin da huɗu ke nan," in ji shi, "a maimakon dubu ɗaya da 'yan kai. 'Yar nan, a ina kika yi lissafi?"

Ta zuba masa su cikin wani kwali. Yana bakin ƙofa ta ɗaga murya kaɗan: "Akwai kibiya a gefen kowace, tana nuna inda iska ke bi. Kuma kafin ka ɗaura ka hure ƙurar ciki."

Ya ɗaga mata hannu ba tare da ya waiwayo ba, kamar yadda ake sallamar mai talla.

Ranar Talata da ƙarfe tara ya ɗaura ta farko. Ya ga ƙurar, amma a ganinsa hure ƙura aikin mai shara ne. Ya ga kibiyar ma, ya ɗauke ta tambarin kamfani. Ya ɗaure fankar a bayan kwamfutar tana kallon ciki, ya ce wa Auta ta kunna.

Da farko kamar sauro ya shigo. Sauron ya zama babur, babur ɗin ya zama injin markaɗe, daga nan muryar ta haura wani wuri siriri da ke sa haƙori tsami, ta zauna a can. Injiniya ya rungume hannu yana gyaɗa kai. Rabonsa da jin irin wannan ƙara tun da aka rufe masana'anta, har ya ji ƙwalla tana neman taruwa.

Mai aski ya leƙo da aska a hannu, bayansa wani mutum da tawul a wuya da 'yar auduga a kan kunne.

"Injiniya, jirgi ne zai tashi? Ka faɗa mana mu yi sallama da iyali."

"Me ka ce?"

"Na ce na yanke wa mutum kunne saboda kai."

"Ba sai ka gode ba," in ji Injiniya da ƙarfi. "Maƙwabtaka ce."

Mai agogo bai yi faɗa ba. Ya fito ne kawai riƙe da wani agogon aljihu, ya tsaya ya dubi kwamfutar kamar mai ta'aziyya. Da Auta ta tambaye shi ko lafiya, ya kawo baki kusa da kunnenta ya ce tun safe yake kara agogon nan a kunne, ya kasa sanin ko mai rai ne ko gawa.

Minti talatin da uku kwamfutar ta mutu. Shirun da ya biyo baya har da nauyi.

"Jiya da ba fanka ko ɗaya ta kai arba'in da ɗaya," in ji mai agogo.

"Sabuwa ce," in ji Injiniya. "Ba su saba da juna ba tukuna."

Ranar Laraba ya zo da sabon tunani, ya bayyana shi a bakin ƙofa da zane a ƙasa. Ya ce kuskuren masu ƙera kwamfuta shi ne suna barin iska ta shiga ta fita. Wane mai hankali ne zai samu sanyi ya bar shi ya tsere? Saboda haka ya ɗaura fanka ta biyu a gaba, ita ma tana kallon ciki, ɗaya ta kawo sanyi ɗaya ta tare shi. Fankokin biyu suka fuskanci juna kamar raguna, kowace tana tura wa 'yar'uwarta zafin. Ƙarar ta ninku, ta kuma samu wani kaɗawa, wuu-wuu-wuu, wanda ya sa almakashi tafiya da kansa a kan tebur har ya faɗo.

Wata mata ta shigo a gwada ta. Auta ta tambaye ta tsawon hannun da take so, matar ta amsa cewa mijinta ya samu sauƙi, ta gode. Aka yi ta haka har matar ta tattara yadinta ta ce za ta dawo in an gama ginin.

"Yaya, ƙarar nan," in ji Auta. "Ba na jin allurata."

"Ƙara ce damuwarki? Ai da kin faɗa tun ɗazu."

Ya tafi gida ya dawo da tsohon soson katifa. Ya yanka shi da almakashinta mai kyau, wanda ba ta bari ko takarda a yanka da shi, ya lulluɓe kwamfutar ta ko'ina, ya ɗaure da ragowar yadi. Ta koma kamar mai ciwon haƙori. Ƙarar ta ragu kaɗan, ta koma gurnani.

"Kun ji?" ya ce.

"Mun ji," in ji mai aski. "Har wari muna ji."

Minti goma sha tara.

Da yamma Auta ta ƙirga ƙyallayen da aka gama. Tara. Kwana biyu da rabi, uku kawai aka ƙara. Ta zauna a kan kujerar keken ɗinki ta dube shi.

"Yaya, gobe ka cire su. Zan je wurin matar da kaina."

Ya buɗe baki zai kawo bayani, sai ya ga ba fushi ne a fuskarta ba, gajiya ce. Ya sunkuyar da kai yana murza sukudireba. "Ki ba ni safiyar gobe kawai, Auta. Na gano inda matsalar take."

Keken da take zaune a gabansa shi ya saya mata, shekara talatin da suka wuce, da albashin sito na wata huɗu. Ba ya faɗa, ita ma ba ta mantawa. Ta ce, "Zuwa sha biyu."

Ranar Alhamis ya iso da bututun ruwa mai tsawon mutum biyu a kafaɗa, yana buge allunan shaguna a hanya. Shirin kuwa shi ne: fankoki huɗu a jere cikin bakin bututun, kamar taragon jirgin ƙasa, a manna su a bayan kwamfutar. Ɗaya bakin bututun a fitar da shi ta taga, domin ƙarar ta bi ta can ta fita waje ta bar mutane su huta. Murfin gaban kwamfutar kuma a cire shi gaba ɗaya, ta fuskanci ƙofa. Da yake yana so abin ya yi kyan gani, ya jera su duk tambarinsu na kallon gefe ɗaya, kuma ta haka ne, ba da saninsa ba, kibiyoyin huɗu suka yarda da juna a karon farko.

Ya gayyaci layin gaba ɗaya. Mai aski ya zo da masu jiran layi uku, mai sayar da katin waya ya zo, direbobi biyu suka bar motocinsu. Injiniya ya ɗaura wani jan ƙyalle a bakin ƙofa don a yanka. Ya naɗa mai agogo alƙalin lokaci. Auta ta ɗora ƙyalle na goma a kan inji, ta tura farantin da ta tara gamammun bajo ɗari da takwas gefen tebur.

Ana cikin haka wata mota ta tsaya, shugabar makarantar ta fito cikin farin kaya tas, da jaka a hannu. Ta ce wucewa take yi, ta ga ya dace ta duba yadda aikinta ke tafiya.

"Ranki ya daɗe, kin zo a daidai," in ji Injiniya. "Ki tsaya nan bakin ƙofa, nan ne wurin manyan baƙi."

Ya yi jawabi na minti bakwai, wanda ya taɓo masana'antar kwalabe, da raggon ilmin zamani, da dubu ashirin da huɗu. Ya yanka ƙyallen. Da ƙarfe sha ɗaya da minti huɗu ya ce a kunna.

Bututun bai fitar da ƙarar ba, busa ta ya yi. Wata irin kuwwa ta tashi ta taga wadda ta sa tantabaru suka bar rufin layin gaba ɗaya, wani mai keke a titi ya kauce gefe yana jiran motar asibiti ta wuce. A cikin shago kuwa kwamfutar ta yi wata girgiza, kamar mai shirin atishawa, sannan ta yi. Burbushin zare na shekara tara, ja da shuɗi da rawaya da ruwan zinare, wanda ya dunƙule a cikinta kamar bargo, ya fito a dunƙule ya fashe a kan manyan baƙi.

Shugabar makarantar ba ta motsa ba. Daga ɗankwali zuwa takalmi ta koma kamar kujerar da aka yi wa sabuwar riga. Ta cire tabarau, aka ga idanu biyu a tsakiyar launuka.

Kafin kowa ya samu abin faɗa, iskar ta kai ga farantin. Bajo ɗari da takwas suka tashi kamar fara suka bi ta kan kafaɗarta suka watsu a titi.

Layin ya rikice. Direbobi suna tsalle suna cafke bajo a sama, mai katin waya ya kwanta ya shiga ƙarƙashin mota, wani mutum da aka yi wa rabin aski yana bin guda uku da suka nufi kwata. Auta ta ɗauko buroshi ta ja shugabar gefe tana kakkaɓe ta tana ba da haƙuri, bakinta yana motsi amma ba mai jin abin da take cewa. Mai aski ya nufi soket zai zare waya, Injiniya ya tare shi da ƙirji.

"Kada ka taɓa. Baba, minti nawa?"

Mai agogo ya ɗaga yatsu: ashirin.

"Mun wuce na jiya."

Aka wuce talatin da uku. Aka wuce arba'in da ɗaya, Injiniya ya sa hannu a kan kwamfutar ya ji ta sanyi kamar randa. Ya fito tsakiyar titi yana nuna shagon da hannu biyu, yana kiran mutanen da ke rarrafe su ɗago su ga aikin ilmi. A minti na hamsin injin surfani ya kai ƙarshen zanensa ya tsaya don kansa. Sai a lokacin ya yarda aka zare wayar.

Kunnuwa suka yi ta amo. Mai agogo ya karɓi bajojin da aka tsinto ya jera su goma-goma a kan benci.

"Ɗari da bakwai," ya ce.

"Ranki ya daɗe," in ji Injiniya, bai ji shi ba, "ƙura wankewa ake yi. Ki zo ki ga abin da ya fi muhimmanci. Minti hamsin ba tsayawa."

Ya ciro ƙyalle na goma da kansa ya ɗaga shi sama gaban jama'a. Bajo ɗaya da rabi ne aka ɗinka. Daga nan zaren ƙasa ya ƙare, allura ta canza murya ta yi ta kira ba mai ji, ta ci gaba da sukar yadin minti arba'in da huɗu ba abin da ke kama zaren. Sauran goma da rabin suna nan da siffarsu, littafi da tauraro da sunan makaranta, amma duk da huji aka rubuta su. Rana ta ratso ta ciki ta zana tambarin makarantar a fuskar Injiniya.

Auta ta ajiye buroshin a hankali.

"Wannan mene ne?" in ji shugabar.

Ya dubi ƙyallen, ya dubi ƙanwarsa, ya sake duban ƙyallen. "Sabon samfuri ne, ranki ya daɗe. Mai shan iska. Yara suna gumi a aji."

"Juyo," in ji mai aski. Ya sa hannu ya ɓamɓaro wani abu daga ƙeyar Injiniya, inda gumi ya liƙe shi. "Baba, ga na ɗari da takwas."

Dariyar da aka yi ta kusa kai ƙarar bututun. Shugabar ba ta yi ba. Ta ce wa Auta ƙyallen ko-ta-kwana ke nan ya tafi, ba ta da wani, kuma gobe ƙarfe huɗu tana nan a ƙarfe huɗu. Ta shiga mota, ta bar sawun zare mai launi a kan kujera.

Mai gyaran kwamfuta tana cikin taron, don daga titi na biyu ta jiyo kayanta ta gane muryarsu. Ta durƙusa ta leƙa cikin kwamfutar.

"To, an hure ƙurar dai," ta ce.

"Ki ba ni waccan mai shirun," in ji Auta. "Zan biya."

"An saye ta tun Talata. Wata sai Litinin."

"A rage wa ɗaya daga cikin nawa gudu mana," in ji Injiniya, muryarsa ta yi ƙasa.

"Akwai abin da ke rage musu gudu. Ya fi waccan fankar tsada, shi ma sai Litinin." Ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa. "Amma yanzu da cikinta ya washe, ba iska mai yawa take so ba. Ku bar gabanta a buɗe. In da wanda zai zauna ya riƙa yi mata fifita a hankali, ba tsayawa, za ta kai ku."

Kawai dai kawuna ne suka juya, ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya a wuri guda.

Ƙyalle goma sha ɗaya suka rage, awa tara da minti goma in ba a haɗa da canjin yadi ba. Auta ta yage murfin kwalin da fankokin suka zo a ciki, ta miƙa masa, ta jawo masa 'yar kujera ƙarƙashin tebur. Injiniya ya naɗe ƙafafu ya zauna gaban kwamfutar kamar mai jinyar mara lafiya, ya fara.

Da farko ya ɗauko da ƙarfi, kwalin yana fat-fat-fat.

"Yaya, a hankali," in ji Auta, bayanta a juye. "Ina jin ka fiye da allurar."

Ya rage. Shagon ya yi tsit, sai ƙas-ƙas na inji. Ta bango ana jin aska tana tafiya a dama, agogo bakwai suna bugawa a hagu. Can mai agogo ya leƙo ya tsaya minti guda cur yana kallon hannun Injiniya.

"Fifita hamsin da biyu a minti," ya ce, ya koma.

Suka yi biyar kafin a tashi ranar Alhamis. Ranar Juma'a suka fara da ƙarfe takwas. Sau uku muryar allura ta canza, sau uku hannun Auta ya riga ta. Hannun dama na Injiniya ya mutu da hantsi, ya koma hagu, hagu ya mutu da azahar, ya haɗa biyun. Da zai sha ruwa mai aski ne ya riƙe masa kofi, yana tambayarsa ko akwai kibiya a gefensa da za a duba. Kwamfutar ba ta mutu ba ko sau ɗaya.

Ƙarfe huɗu saura minti shida aka yanke bajo na ƙarshe. Shugabar ta zo cikin kaya masu duhu, ta tsaya nesa da ƙofa, ta sa aka fito mata da su waje. Ta duba guda goma a rana, ba ta ga haske ta ciki ba.

Injiniya ya rarrafo daga ƙarƙashin tebur, hannayensa suna reto kamar na riga a kan igiya. Da ya ga taro ya fara haɗuwa sai ya ji ƙarfi ya dawo masa, a baki dai.

"Matar nan ta ce ba a samun uku," ya ce wa mai aski. "Iska, shiru, araha. To ga su nan a tsaye gabanka. Na ƙaryata ilminta."

"Arahar ce ban yarda ba," in ji Auta daga ciki. "Wannan fankar sau uku take cin abinci a rana."

Shugabar ta rufe jakarta ta ce aikin ya yi. Ta ce akwai reshen makarantar na ƙananan yara, su ma suna son nasu, ɗari huɗu da tamanin, za ta aiko da yadin gobe da safe, tana so kafin Laraba.

Mai agogo ya rufe ido yana motsa leɓe. "Ƙyalle arba'in," ya ce. "Awa talatin da uku da minti ashirin. A hamsin da biyu a minti, fifita dubu ɗari da huɗu ke nan."

Injiniya ya dubi murfin kwalin da ke ƙasa, wanda gefensa ya yi laushi da gumi. Bai yi jawabi ba. Ya bi titi a hankali, hannaye na reto, har shagon mai gyaran kwamfuta. Da yake ba ya iya ƙwanƙwasawa, da goshi ya tura ƙofar.

"'Yar nan," ya ce, "ragguwar nan da kika ce sai Litinin. Litinin da safe ne, ko da yamma?"